Mahawara Cikin Zaurukan Tarho: Yaya Za Mu Yi da Ƴan Tsokana?

Ran 13 ga watan Maris na shekarar 2024 gwamnatin Nijeriya ta ba da umurnin a buɗe iyakarta da ƙasarmu, bayan ta yi fiye da wata bakwai a rufe saboda takunkumin da ƙungiyar CEDEAO ta aza ma Nijar a ƙarshen watan Yuli na 2023. Ta wajenmu kuwa, ba a ɗage shingen Birnin Ƙonni ba sai ran 22 ga watan. Watau an yi kwana tara ƙofar Illela ta Nijeriya tana buɗe, tamu tana rufe. Cikin waɗannan kwanaki, wanda ya ce an buɗe iyaka ya faɗi gaskiya, wanda ya ce ba a buɗe ba shi ma ya faɗi gaskiya.

Da a gindin itace mutanen nan biyu suka haɗu, da dattijo guda ya ishe su. Sai ya tambayi kowa ƙofar da yake nufi, a yi dariya, a ci gaba da shan shayi. Amma a yau yawancin irin wannan gardama cikin tarhon hannu ake yin ta, a zaurukan WhatsApp, inda mutane da yawa ke haɗuwa ba tare da sun ga juna ba. A can, kafin a gane cewa kowa yana da gaskiya, sai wani na uku ya faɗo, ya ce ma wannan maƙaryaci, ya ce ma wancan maci amanar ƙasa, ya koma gefe yana kallon wutar da ya hura. Wannan mutum na uku shi muke so mu duba a yau, shi da zauren da ya tarar babu mai tsaro.

ZAURUKAN DA MUKA SHIGA

Ba za mu fara da zargin tarho ba, domin amfaninsa a fili yake. Ɗan kasuwar albasa na Galmi ko na Tsarnawa yana jin kuɗin buhu a Abijan ko Akara tun bai ɗora kaya bisa mota ba. Manoman gandun noman rani na Ƙonni, wanda aka gina tsakanin ƙarshen shekarun 1970 da farkon na 1980, mai faɗin hekta fiye da 2000, suna iya sanar da juna ranar da ruwan madatsun Mozage da Zango zai iso ga kowane sashe. Ma'aikacin siminti na Malbaza yana jin labarin gida yana bakin aiki. Ƴan ci-rani da suka bar Illelar Adar da Badagishiri da Tajaye suka tafi Abijan, Legas ko Libiya, da zaure guda suke haɗa kuɗin gyaran rijiya ko na rufin aji. Abin da ya fi duka kuwa shi ne saƙon murya. Wanda bai taɓa shiga lakwal ba, bai kuma zauna ajin yaƙi da jahilci ba, yana danna tarho ya yi magana da bakinsa, mutum ɗari su ji shi.

Sai dai akwai abin lura. Tun shekarar 2022 zauren WhatsApp guda yana iya ɗaukar mutum 1024. Wannan ya fi yawan magidantan ƙauyuka da dama na jihar Tawa. To, wane ƙauye ne mai mutum dubu yake zaune babu mai gari, babu liman, babu dattawan unguwa? Amma haka muke buɗe zaure: mutum ya tara lambobi, ya sa suna da hoto, ya tafi harkarsa, ya bar jama'a da junansu.

WANE NE ƊAN TSOKANA?

Wajibi ne mu rarrabe mutum uku waɗanda ake yawan haɗawa wuri guda. Na farko shi ne mai gardama. Ra'ayinsa ya saɓa da naka, yana da hujja, kuma in ka kawo wadda ta fi tasa zai iya saukowa. Wannan shi ne gishirin zaure, in babu shi shawara ba ta nuna. Na biyu shi ne mai ɗacin baki. Abin da yake faɗi gaskiya ne, faɗin ne bai iya ba. Shi wannan gyara yake bukata, kuma sau da yawa maganarsa ta fi ta masu daɗin baki amfani. Na uku shi ne ɗan tsokana, wanda bai damu da ko an buɗe iyaka ko ba a buɗe ba. Abin da yake nema shi ne ran wani ya ɓaci, zance ya koma kansa.

Ana gane shi ta alamomi sanannu. Yana barin batu ya kama mutum: ana zancen rabon taki, sai ya shiga zancen asalin shugaban ƙungiya, ko ƙabilarsa, ko masallacin da yake salla. Ba ya da madogara sai «an ce» da «ku ji abin da ake ɓoye muku». In an ba shi amsa ba ya tsayawa a kanta, sai ya tsallaka ga wani zargi. In aka matsa masa, ya ce wasa yake yi. Wani don nishaɗi yake yi, wani tsohuwar gaba ce ta gona ko ta sarauta ya ɗauko, wani kuwa aiko shi aka yi.

Irin wannan mutum ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Kakanninmu sun san mai zuga, sun san annamimi, sun san ɗan tada-zaune-tsaye. Abin da ya sake shi ne wurin zaman. A dandali ido yana ganin ido, kuma wanda zai zagi mutum ya san gobe za su haɗu a kasuwar Laraba ta Ƙonni ko wajen jana'iza. Cikin tarho babu wannan kunya, domin mutum yana kwance a ɗakinsa, watakila ma a wata ƙasa, da lambar da ba kowa ya sani ba. Bayan haka, maganar dandali tana tashi da tashin taro, amma saƙon murya yana nan ajiye, ana tura shi daga zaure zuwa zaure, a yanke farkonsa, a bar wurin da ya fi zafi. Hausawa sun ce magana zarar bunu ce. Yanzu bunun da aka zara yana iya kai Sakkwato kafin mai shi ya aje tarho.

ABIN DA KE CIKIN HATSARI

Kada wani ya ɗauka cewa ɓacin rai ne kaɗai a ciki. Ƙasarmu ta noma ce da kiwo, kuma kowace kaka, tsakanin girbi da sakin gonaki, zukata suna kusa. Cikin watan Nuwamba na 2014 rikicin manoma da makiyaya ya ci rayukan mutum 10 a yankin Ƙonni. Cikin Nuwamba na 2016, a Bangi ta gundumar Madawa, aƙalla mutum 18 suka rasu bayan ɓarnar da dabbobi suka yi a gona. Ba mu ce tarho ne ya haddasa waɗannan ba. Abin da muke nunawa shi ne ciyawar a bushe take, kuma hoton gawa guda wanda ba a san inda aka ɗauke shi ba, in ya faɗa zauren da babu mai tsaro cikin irin wannan wata, ya isa ashana.

A Maraɗi, cikin watan Yuni na 2019, lokacin da ake shirin zartar da dokar tsara harkokin ibada, wani limami ya soki dokar cikin huɗuba, aka kama shi, cikin dare kuma masu zanga-zanga suka ƙone wata majami'a. Da aka sake shi, shi da kansa ya bayyana cewa waɗanda suka fassara masa wata takarda daga Faransanci zuwa Hausa, suka ce ita ce ta gwamnati, su suka ɓatar da shi. Mu da aikinmu shi ne fassara, wannan labari ya daɗe yana damunmu. Takardar hukuma tana fitowa da Faransanci, jama'a kuwa da Hausa suke ji. Duk wanda ya riga kai musu ita da harshensu, ko da ya karkatar da ita, shi za a gaskata.

A Sakkwato kuwa, wadda ba ta kai kilomita 100 daga Ƙonni ba, ran 12 ga Mayu na 2022 an kashe wata ɗaliba a Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari, bayan an zarge ta da saɓo cikin wani saƙon murya da ta aika a zauren ƴan ajinsu. Zauren nan don karatu aka buɗe shi, kuma saɓani ya taso ne a kan abin da ya dace a riƙa turawa cikinsa. Har sai da hukumar jihar ta sa dokar hana fita. Rai ya salwanta, gari ya rikice, kuma duk abin ya faro daga wurin da ɗalibai ke tambayar juna labarin jarrabawa.

ABIN DA DOKA TA CE

Ya kamata kowane mai tarho ya san matsayin doka. Ƙasarmu ta kafa dokar hukunta laifuffukan da ake yi ta hanyoyin sadarwa na zamani ran 3 ga Yuli na 2019. A 2022 an gyara ta, aka cire ɗauri a kan ɓata suna da zagi, aka bar tara. Ran 7 ga Yuni na 2024 wata sabuwar doka ta maido da ɗaurin. Ɓata suna ko zagi ta waɗannan hanyoyi yana jawo gidan kaso na shekara 1 zuwa 3 da tarar miliyan 1 zuwa 5 na kuɗin sefa. Watsa abin da ke iya tada hankalin jama'a ko taɓa mutuncin ɗan Adam kuwa, shekara 2 zuwa 5 da tarar miliyan 2 zuwa 5. Kalmar «watsawa» abin lura ce ga wanda ya saba tura duk abin da ya shigo masa yana cewa shi ba shi ya ƙirƙira ba.

Amma doka bayan ɓarna take zuwa. Jandarma ba ya zaune cikin kowane zaure, kuma alƙali ba ya iya maido da zumuncin gida biyu da saƙo guda ya raba. Rufe hanyar baki ɗaya shi ma yana da tsadarsa: bayan zaɓen shugaban ƙasa na Fabrairun 2021 an yanke intanet ta tarho har kwana goma, kuma yankewar ba ta bambanta mai zuga da mai sayar da albasa ba. Kamfanin WhatsApp ya yi nasa ƙoƙari, tun Janairun 2019 ya taƙaita tura saƙo zuwa wuri biyar a lokaci guda, amma mai niyya yana tura biyar sau goma. Saboda haka babban aikin yana hannun mutanen da ke cikin zauren.

ABIN DA MUKA GADA

A nan ba mu rasa abin koyi ba. A shekarar 1962 aka kafa ƙungiyar kulob-kulob na rediyo ta Nijar. Mutanen gari sukan taru su saurari shiri a kan noma, ko lafiya, ko aure, sa'an nan su tattauna a ƙarƙashin jagora guda, wanda sau da yawa malamin makaranta ne. Jagoran yana ba kowa dama bi da bi, yana maido da wanda ya kauce bisa batu, yana ɗaukar muryoyin da akwatin ɗaukar magana, a aika Yamai, a tace, a watsa ma ƙasa duka. Manomi ya ji muryarsa cikin rediyo, ya san an saurare shi. Sirrin wannan aiki shi ne jagoran: an zaɓe shi, an horar da shi, kuma jama'a sun san shi.

Matasanmu ma sun san wannan. Fadar samari, inda ake dafa shayi ana hira, tana da shugaba da ma'aji da ƙa'idodi, kuma wanda ya zagi ɗan'uwa ya san akwai abin da zai biyo baya. Hukumomin kula da filaye, waɗanda suka samo asali daga dokar karkara ta 2 ga Maris 1993, suna zaunar da manomi da makiyayi da sarakuna da ma'aikatan gwamnati wuri guda a kan zancen burtali da mashaya. Akwai kuma wasan taubashi, tsakanin Barebari da Fulani, Arawa da Fulani, Zabarmawa da Buzaye, wanda hukumar UNESCO ta sa cikin kayan gadon duniya a 2014. Taubashi yana gaya maka magana mai zafi ka yi dariya, domin ka san shi, ka san haƙƙin da ke tsakaninku, kuma ka san ranar wahala shi zai fara zuwa. Ɗan tsokana yana aron bakin taubashi ba tare da ya ɗauki nauyinsa ba. Wanda ya ce wasa yake yi, sai a tambaye shi wasan me ke tsakaninsa da wanda ya ci ma mutunci.

AIKIN MAI ZAURE

Saboda haka muna ganin wanda ya buɗe zaure, wanda matasa ke ce ma admin, ya ɗauki kansa kamar mai unguwa. Ga abin da muke ba da shawara.

Da farko, a faɗi dalilin zaure da ƙa'idodinsa tun ranar buɗewa, da murya da kuma rubutu, cikin Hausa, a riƙa maimaita su ga duk sabon shiga. Zauren rabon ruwa na rabon ruwa ne. In an san haka tun farko, tsawatawa ba ta zama son kai.

Na biyu, kada mai zaure ya zama mutum guda. A sa uku ko huɗu, a haɗa babba da yaro, mazaunin gida da ɗan ci-rani, mace da namiji in zauren na kowa ne. In zauren ya haɗa manoma da makiyaya, lalle kowane ɓangare ya ga nasa cikin masu riƙo.

Na uku, duk labarin da zai iya tada hankali a tambayi mai shi abu uku: wa ya faɗa, a ina, yaushe. In bai da amsa, a share saƙon. Tun 2022 mai zaure yana da ikon share saƙon kowa, kuma tun 2018 yana iya rufe zaure na wani lokaci, ya zama masu riƙo kaɗai ke magana. Daren da aka ji an yi ɓarna a gona, rufe zaure har safe, kafin a ji ta bakin mai gari ko jandarma, ya fi dogon wa'azi amfani.

Na huɗu, a bi matakin da iyayenmu ke bi. A fara kiran mutum a keɓe, domin wanda aka kunyata gaban jama'a ba ya saukowa. In ya sake, a gargaɗe shi a fili. In ya ƙi, a fitar da shi, a kuma gaya ma jama'a dalili. In ya nemi gafara, a bar masa ƙofar dawowa, domin ɗan garin ne, kuma wanda aka kora har abada yakan je ya buɗe nasa zaure na gaba.

Na biyar ya shafi kowa. Abincin ɗan tsokana shi ne amsa. Mutum ashirin da suka taso masa da zagi sun ba shi abin da ya zo nema. A bar mai zaure ya amsa sau guda, da hujja, sauran su ci gaba da zancen da ake yi.

KADA A KORI MAI GASKIYA

Akwai wani hatsari ta ɗaya gefen, kuma a nan muna magana da ƴan'uwanmu ma'aikata da shugabannin ƙungiyoyi. Yana da sauƙi ƙwarai shugaba ya kira duk mai tambayarsa ɗan tsokana. Manomin da ya ce a karanto lissafin kuɗin ruwa da aka tara, ko uban da ya tambayi dalilin da aji ya yi wata babu malami, haƙƙinsa yake nema, ko da ya faɗe shi da zafi. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Zauren da aka kori masu tambaya daga cikinsa yakan yi tsit, shugaba ya ɗauka lafiya ce, alhali maganar ta koma wani zauren da ba ya ciki, inda babu mai ba da amsa sai mai zuga.

Ma'aunin da muke bayarwa shi ne a duba ko maganar tana da amsa. «Ina kuɗin da muka tara?» tambaya ce, ana amsa ta da takarda. «Ku duk ɓarayi ne tun kakanninku» ba ta neman amsa, faɗa take nema. Ta farko a amsa ta ko da mai ita ba ya da ladabi. Ta biyu a share ta ko da mai ita babban mutum ne.

Kuma mu sani shirun ofis shi ne gonar jita-jita. In an tsai da ranar sakin gonaki, ko an sake kuɗin duwan, ko za a rufe ruwa don gyaran magudana, ya kamata sanarwar ta fita ran nan da Hausa da Fulatanci da Tamajak, da muryar wanda jama'a suka sani, ta gidajen rediyo da ta zaurukan kansu. Sanarwar da aka manna a bangon ofishin perefe da Faransanci, aka bar fassararta ga duk wanda ya ga dama, ta bar ƙofa a buɗe, kamar yadda muka gani a Maraɗi.

Ku kuma da kuka sauke karatun yaƙi da jahilci, kuna da wani matsayi na musamman. Kun iya duba kwanan wata a kan takarda, kun iya neman hatimi da sa hannu, kun iya rubuta ƙa'idodin zaure ku karanta ma waɗanda ba su iya ba. A ƙauyuka da yawa ku ne kuka fi cancanta da riƙon zaure, kamar yadda malaman makaranta suka riƙe kulob-kulob na rediyo a zamaninsu. Muna fata masu shirya darussan karatun manya za su sa wannan cikin abin da ake koyarwa, kusa da lissafi da rubutun wasiƙa.

Kaka tana zuwa kowace shekara, dabbobi za su gangaro daga arewa, labarai kuma za su yi yawa. Kafin lokacin, kowa ya duba zaurukan da ke cikin tarhonsa, ya tambaya wa ke riƙe da su, da wace ƙa'ida. In babu, a zauna a sa. Allah ya ba mu zaman lafiya da damina mai albarka, amin.